Ninki Na Uku

Ni ce nake saya wa Duane wando, don haka babu mahaluƙin da zai zo ya ce mini mijina ya rame in yarda. Amma abin da ya yi ta faɗa ke nan tun da muka sauke mota a filin Crane Hollow ranar Asabar ɗin nan, ranar tseren rufe shekara na kulob ɗinmu. Duk wanda ya zo wucewa ta rumfarmu sai ya tare shi, ya daki ciki ya ce, "Ka ga aikin barin cuku." Su kuwa su kwashe da dariya, don kowa a gundumar nan ya san motar Duane ba ta iya wuce shagon cuku ba ta tsaya ba.

Ban kula shi ba, aiki ya yi mini yawa. Tseren mai tsawo ne, mota ɗaya direba biyu. Duane ne zai fara, 'yarmu Joelle ta ƙarasa. Tun tana yarinya, ƙafarta ba ta ma kai birki ba, take roƙonsa wata rana su raba mota, sai ga shi bana ta samu lasisinta. Motar kuwa Kwaɗo muke ce mata, saboda koriya ce, gajera, kuma idan ta taka tudu sai ta yi tsalle. Shi ya haɗa injinta, shi ya yi waldar kejin ƙarfen da ke ciki. Abu ɗaya ne a motar nan ba nasa ba, bel. Wannan nawa ne, tun zamanin da ni ma nake tuƙi.

Igiyoyin kafaɗa biyu ne, suna bi ta ramukan kujera su kama sandar ƙarfen da ke bayan direba. Kowace igiya tana da ɗan ƙarfe mai taga biyu, muna ce masa tsani. Ki zura igiyar ta tsani, ninki ɗaya. Ki zagaya sanda ki dawo da ita ta tsanin, ninki biyu. Sai ki juyo da bakinta baya ki sake cusa shi ta tagar ƙarshe, ki bar wutsiya kamar faɗin tafin hannu tana lilo. Wannan na ukun shi ne makulli. Idan babu shi, igiya za ta riƙe ki a zaune, za ta riƙe in kin ja da hannu, amma ran da mota ta daki bango za ta zare ta bar ki. Ni kuma idan na gama ina da ɗabi'a, nakan ɗiga jan farce a igiyar daidai bakin tsani, yadda ko kaɗan ta motsa zan gani.

Da bazara ta shigo muka fito da Kwaɗo, Duane ya shiga, igiyoyin kafaɗa suka ƙi kaiwa. Ya ja numfashi ya shanye ciki, ya yi ja-ja-wur, ƙarfen bakin igiyar bai kai inda ake kulle bel ɗin ba. Na ce masa babu sauran tsawo, sandar tana da nisa, duk igiyar na ba shi in ban da ninki na uku da wutsiya. Ko dai ya je shagon Wendell ya sayo mai tsawo, ko ya rage cuku. Wendell shi ke sayar mana da kayan tsere, shi ne kuma mai duba motocin kulob, bakinsa kuwa ba ya riƙe magana.

"In je wa Wendell in ce bel ya yi mini kaɗan?" in ji Duane. "Kafin in dawo gida an gama da ni."

Ya ce zai rage. Duk watannin da suka biyo baya bai shiga motar ba, ya ce gwiwa ke damunsa, Joelle ta yi ta tsere ita kaɗai. Sai wannan na ƙarshe, ya ce ya warke.

Da safe na tafi karɓo mana kofi, kafin in dawo ya riga ya shiga ya ɗaure, hular kwano a kai, yana ɗaga mini babban yatsa. Na ga an kulle, na ga ya matsu, na buga rufin motar sau biyu yadda na saba, ya tafi. Kuma gaskiya ya yi tuƙi. Tsohon nan da ya fara furfura har a gira ya dawo da Kwaɗo tana ta uku, abin da ba mu taɓa gani ba a wannan tseren.

Canjin direba kuwa hayaniya ce. Ni ina riƙe da jarkar mai, ba na kallon komai sai bakin tanki. Duane ya mirgino waje, Joelle ta faɗa ciki tana cewa, "Sauri, Baba, sauri, Lyle ya fita." Lyle Brandvold ke nan, mai ta biyu, wanda bai taɓa ba kowa hanya ba ko a layin coci. Duane ya kulle mata bel, ya ja igiyoyin kafaɗa ta gaba har ta ce ya isa, ya rufe ragar taga. Ta tafi tana ƙona taya.

Ya zo ya zube a kujerar rumfa yana haki. Yana cire hula, zif ɗin rigar tserensa ya yi ƙara ya tsage daga ƙirji har cibiya, farar singileti ta ɓullo. Wendell na wucewa da sosej a hannu, ya tsaya.

"A'a, ramamme," ya ce. "Rigar ce ta motse a wanki, ko?"

"Wuce ka ba ni wuri, mai bakin kaza."

"In kawo maka cuku ka farfaɗo?"

Na yi dariya ni ma. Ina cikin dariyar ne abin ya faɗo mini a rai. Wannan rigar ita ya sa da bazara, kuma da bazara zif ɗin ya rufu. Ke nan bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. To igiyar da ta ƙi kaiwa da bazara, yaya aka yi ta kai yau?

Na jira Wendell ya yi gaba. Na ajiye jarka, na tsaya a kansa.

"Duane. Yaya aka yi bel ya kai maka?"

"Na gaya miki na rage."

"Kalle ni. Ni nake saya maka wando."

Ya ɗauki gorar ruwa ya kai baki, ya sha, ya sha, kamar zai ɓuya a cikinta. Shekara talatin da wani abu ina zaune da mutumin nan, na san shan ruwan ƙishi, na san na neman lokaci.

"Ka taɓa mini igiya."

"Marlys, ɗan kaɗan ne..."

"Ina ka samo tsawon? Babu tsawo a wurin."

"Na ukun kawai na warware," ya ce da gorar. "Na ɗan saki wutsiyar. Na ja da hannu biyu, ko motsi bai yi ba. Na ce ai ni ne a ciki, wuyana ne, in an zo canji sai in mayar mata kafin ta..."

Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da maganar ta isa kunnensa daga bakinsa. Fuskar da ta yi ja saboda zafi ta koma fari fat, gorar ta suɓuce ta faɗi tsakanin ƙafafunsa.

"Ka mayar?"

Ya sunkuya zai ɗauki gorar.

"Duane, ka mayar?"

"Tana ta cewa sauri," ya ce a hankali. "Ya fita daga kaina."

Wannan mutumin shi ne yake tsayawa gaban sababbin direbobi duk shekara, da igiya da tsani a hannu, yana ce musu ninki biyu yaudara ce. Rabin masu tuta da ke tsaye a kwanonin filin nan ɗalibansa ne. Na so in mare shi, ban taɓa jin son marin mutum irin na ranar ba. Amma babu lokacin mari. 'Yata tana can tana gudu kamar ta tashi sama, ga igiyoyin kafaɗarta babu makulli, kuma ba ta sani ba.

Ba mu da oba-oba a motar da za mu yi magana da direba. Tamu ta mutu tun bara, Duane ya ce wanda ya iya tuƙi ba ya bukatar a yi masa surutu a kunne. Allon da ake ɗaga wa direba kawai gare mu. Na fizge shi, na jera SHIGO da manyan haruffa, na ruga katangar da ke bakin hanya na miƙa shi waje iya tsawon hannuna.

Ga Kwaɗo ta fito daga kwanar ƙarshe, tana bin Lyle kamar an ɗaure su da zare. Ta zo daidai ni. Na ga hular ta juyo, ta ga allon sarai. Sai ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ta wuce.

Wannan yatsan gaisuwarsu ce ita da ubanta. Haka mutanenmu suke gaisawa a hanyar gona, hannu na kan sitiyari, manuni kawai ke tashi. Tun ranar da ta fara tsere, duk zagayen da ta wuce katanga sai ta ɗaga masa, safar hannunta ruwan lemo ce, ana gani daga nesa. Shi ma ya ɗaga nasa. Yau ni ta ɗaga wa, wato na gani, Mama, sai an jima.

"Ta gani," na ce. "Don me ba ta rage gudu ba?"

Duane ya iso bayana, yana riƙe da bakin rigarsa da hannu ɗaya.

"Ni na ce mata," ya ce.

"Ka ce mata me?"

"Na ce in ta ga ke da allo, in dai ba wuta ta gani da idonta ba, ta ci gaba."

To, a nan yana da 'yar hujja, shi ya ƙara ba ni haushi. Watan da ya wuce na kira ta ciki saboda wata ƙara da na ji a ƙarƙashin motar, ta rasa matsayinta, aka duba aka ga gwangwanin lemo ne ya maƙale. Tun daga ranar kulob ya sa mini suna Uwar Gwangwani. Na tura masa allon a ƙirji.

"To riƙe. Kai za ta ji."

Ya hau kan katangar da gwiwar da ya ce tana ciwo, ya ɗaga allon sama da kansa, riga a buɗe, ciki a waje, bai damu da masu dariya a rumfar kusa ba. Muka jira. Zagaye ɗaya a Crane Hollow ba wani tsawo gare shi ba, amma na tsufa a cikin wannan. A nan ne na ji ɗigo na farko a bayan hannuna. Na ɗaga kai. Hadarin da tun safe yake zaune a kan gonakin masara ta yamma ya taso, kuma ta yamma ɗin nan ne Rijiya take.

Rijiya ita ce kwana ta biyar. Gangara ce, ka sauko da gudu, ka taka birki motar na karkace, in ka kuskure babu komai a gabanka sai ɗan ciyayi da bangon tsofaffin tayoyi. Duk wanda ya daɗe a kulob ɗin nan ya taɓa gaisawa da wannan bango. Ni kaina na bar haƙori a can. Kowa kuma tayar rani ce a ƙafarsa, mai santsi, wadda ba ta san ruwa ba.

Suka fito daga kwanar ƙarshe, wannan karon kafaɗa da kafaɗa. Joelle ta fita ta waje tana neman wuce Lyle, motarsa ta shiga tsakaninta da katanga. Duane ya yi ta kaɗa allo yana kiran sunanta, kamar akwai mai jin murya a cikin wannan ruri. Ba ta ko juyo ba. Suka wuce tare suka nufi kwana ta ɗaya.

"Tuta," na ce. "Sai tuta."

Akwai wata baƙar tuta mai da'ira ruwan lemo a tsakiya, muna ce mata ƙwallon nama. Idan aka nuna maka ita da lambarka, motarka na da matsala, ka shigo, babu gardama. Direba zai iya raina allon uwarsa, amma ba ya raina ƙwallon nama in yana son ya sake taka filin. Mutum ɗaya ce ke da ikon fitar da ita, Bernice Aldag, shugabar alƙalan tsere, tana can saman bene.

Ban san yadda na hau matakalar nan ba. Na tura ƙofa na tarar da ita tsaye a taga, oba-oba a hannu, tabarau a kan hanci, tana kallon hadari.

"Bernice, fitar wa Kwaɗo ƙwallon nama. Yanzu."

Ba ta juyo ba. "Wani gwangwanin ne?"

"Bel ɗinta ne. Igiyoyin kafaɗa ba su da ninki na uku."

Sai a nan ta juyo, ta dube ni ta saman tabarau.

"Marlys, rabin bel ɗin kulob ɗin nan ke kika ɗaura. Na Kwaɗo da idona na gan shi da bazara, har da jan farcenki. Yarinyar nan tana shirin karɓe ta biyu a gaban kowa. Kin tabbata, ko dai ruwan nan ne ya tsorata ki? In tsoro ne ki faɗa, ni ma uwa ce, amma ba zan kashe mata tsere don..."

"Ni na warware."

Duane ne a bakin ƙofa, ya dafa bango, numfashi na neman gagararsa.

"Da safen nan," ya ce. "Duka biyun. Bai kai mini ba, na warware na ukun na saki wutsiya. Ban mayar ba."

Masu rubuta lokaci su biyu suka bar abin da suke yi suka zuba masa ido. Bernice ta danna oba-oba.

"Duk tashoshi. Ƙwallon nama ga lamba sittin da huɗu, a layin farawa da tasha ta bakwai. Igiyoyin kafaɗa a kwance, direban farko ya warware su. Kada wanda ya yi mata alamar da za ta firgita ta."

Ta saki maɓallin. Kowace kwana ta filin nan akwai mai tuta da oba-oba a kunne, kuma duk sun san wane ne direban farko na sittin da huɗu.

"Duane," ta ce, "ka san ba za ka ƙara tsaya mini gaban ɗalibai ba."

"Na sani. Ina take?"

Joelle ta riga ta wuce layin farawa, ta rasa tutar can da kaɗan. Tasha ta bakwai kuwa tana bayan Rijiya. Ke nan sai ta sake sauka gangaren nan kafin kowa ya iya gaya mata komai. Muka manne da taga mu uku. Daga benen ana hango Rijiya ta tsakanin itatuwa, kuma kwaltar wurin ta riga ta yi baƙi tana sheƙi.

Lyle ne a gaba, ya kare cikin kwana yadda ya saba, Joelle na manne da bayansa. Suka sauko. Na ga fitilun birkinsa sun kama, na ga bayan motarsa ya fara zamewa a hankali, kamar ba da gaske ba, sai ta juya gaba ɗaya ta tsaya a gicciye a tsakiyar hanya. Hayaƙi ya tashi daga tayoyin Kwaɗo duka huɗu. Ta karkace, hancinta ya nufi ƙofar Lyle, ya kauce, ya nufi bangon tayoyi. Ta sauka kan ciyawa tana tafiya a kaikaice, laka na tashi. Duane ya kama hannuna ya matse har na ji ƙashi, ban ƙwace ba. Ina jin bakina yana cewa Allah, Allah, ban san na buɗe shi ba.

Ta shafi tayoyin da gefen baya, shafa kawai, ɗaya ta yi tsalle ta gangara. Kwaɗo ta miƙe, ta hau kwalta, ta ci gaba. Yanzu ita ce ta biyu. A tasha ta bakwai wani ya miƙo baƙar tuta da lambarta.

Muka sauko muka riga ta isa rumfa. Ta shigo ta tsaya da ƙarfi, ta ɗaga gilashin hula, idanunta jawur.

"Me ya faru? Mai nake zubarwa? Na wuce shi, Mama, kin gani? Na wuce shi, sai a ba ni tuta? In wani gwangwanin ne wallahi..."

"Kashe injin," na ce.

"Mama..."

"Kashe."

Ta kashe. Duane ya buɗe ɗaya ƙofar ya kutsa ta cikin keji, ni na leƙa ta bayan kujerarta. Wendell ya iso da gudu, babu sosej, babu dariya, don shi ma yana da oba-oba.

Na nemi ɗigon jan farcena a bakin tsani, babu shi, ya yi gaba can wajen ramin kujera. Igiyar hagu saura wutsiya kamar faɗin yatsa biyu. Ta dama kuwa bakinta ne kawai ke leƙowa daga tsanin, ɗan baƙin gefen da aka ƙona don kada ya zare.

"Wai me kuke dubawa?" in ji Joelle. "In bel ne, dama tun ɗazu yake ba ni haushi. In na ja ya matse, in na taka birki sai ya saki, in sake ja. Duk miƙaƙƙiyar hanya sai na ja shi. Bayan Rijiya ma na dama ya yi sako-sako, na ce bari in wuce tasha ta bakwai in ƙara ja."

Duane ya sa yatsa biyu ya taɓa igiyar dama, taɓawa kawai. Ta zame daga tsanin, ta warware daga sandar, ta faɗo a hannunsa. Tsanin ya faɗi ƙasan motar ya yi ƙara.

Joelle ta ji kafaɗarta ta saki. Ta kai hannu ta jawo igiyar ta gaba, ta yi ta jawowa har bakinta ya fito ta ramin kujera ya faɗo a cinyarta. Ta daɗe tana kallonsa. Ita ma ɗalibar ubanta ce, ba ta bukatar bayani.

"Mama ba ta mantuwa da na uku," ta ce.

"Ba ita ba ce," in ji Duane. Yana durƙushe a inda kujerar fasinja take a da, kansa na taɓa keji. "Ni ne. Bai kai mini ba, na ji kunyar faɗa. Na so mu raba motar nan ko sau ɗaya. Na ce zan mayar kafin ki shiga, na manta."

"Kai ka ɗaure ni, Baba."

"Ni ne."

"Ka ja, ka ce ya yi?"

Ruwa ya fara sauka sosai, yana buga rufin Kwaɗo. Wendell ya yi gyaran murya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa Bernice ta ce in an ɗaura daidai ya gani da idonsa, an sa tayar ruwa, yarinya za ta iya komawa in tana so. Matsayi dai ya tafi, kowa ya wuce.

Na ɗauka za ta fito. Ni da za a bi ta tawa, a ɗora motar nan a tirela a rufe ta har abada. Amma ta gyara zama, ta miƙa igiyar baya ta kan kafaɗarta. Duane ya kai hannu zai karɓa.

"Mama ta ɗaura," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma kalle shi ba. Hannunsa ya tsaya a iska, sannan ya janye shi. Ya fita da baya daga motar, a hankali, ya ba ni wuri. Na sha ganin mutumin nan ya fito daga motar da ta kife yana dariya, ban taɓa ganin ya fito daga mota irin wannan fitowar ba. Duk haushin da nake ji, sai da tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin tausayin.

Na shiga na durƙusa. Igiyar ta jiƙe ta yi tauri. Na zura, na zagaya sanda, na dawo, na ja har ɗigon jan farce ya zauna a bakin tsani. Na juyo da bakin na cusa na uku. Na yi wa ɗayar haka. Wendell ya leƙo ya ƙirga ninkin da yatsa, ya auna wutsiya da tafinsa, ya gyaɗa kai. Mutanen rumfar kusa, waɗanda ɗazu suke dariya, sun riga sun ɗaga motar suna canza mata taya ba tare da an roƙe su ba.

Da na fito Duane na tsaye a bayana.

"Kan alamarki kika mayar?" ya ce.

"Kan alamata. Ka san ba zai ƙara kai maka ba."

"Na sani. Bar shi a nan."

Ni na kulle mata bel, ni na ja, ni na rufe raga. Na buga rufi sau biyu. Ta tafi.

Duane ya koma katanga ya tsaya a inda ya saba tsayawa, babu allo, babu hula, ruwa na dukansa. Kwaɗo ta fito daga kwanar ƙarshe tana fesa ruwa, ita ce ta ƙarshe a fili. Ya ɗora hannu a kan katangar ya ɗaga manuninsa. Ta wuce, safar hannu biyu a kan sitiyari, babu abin da ya tashi. Ta sake zagayowa, ya sake ɗagawa. Haka suka yi ta yi. Masu tutar da suka sauko canjin aiki suka bi ta bayansa, babu wanda ya tsokane shi, babu kuma wanda ya gaishe shi.

Na zauna a rumfa na ce ba zan je ba, ya sha ruwansa. Na kai zagaye uku ko huɗu a zaune. Har aka ɗauko tutar ƙarshe yatsan Joelle bai tashi ba, nasa kuma bai sauka ba. Na tashi na je na tsaya kusa da shi, na kai hannu na haɗe masa bakin rigar na riƙe, don ruwa na shigar masa ciki.